Ruwan Za Ka Fara Tambaya: Yadda Bakano Zai Zaɓi Bakin Tekun da Zai Je Hutu

Daga Ƙaura Goje a Kano zuwa tekun da ya fi kusa da mu akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. A mota sai an wuni an kwana a hanya. A jirgi kuwa, tunda filin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da unguwar, awa ɗaya da rabi ta isa mutum ya sauka Ikeja. Nisa ya daina zama hujja ke nan. Ma'aikacin da ya samu hutun shekara, da ango da amaryarsa, da ɗan kasuwar Kwari da ya je Legas sari ya samu rarar kwana biyu, da Hajiyar da ta gama umara tana jiran jirginta a Jidda, kowa yana iya cewa bari dai in je in ga tekun nan da idona. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen zaɓi. Yawancinmu da hoton waya muke zaɓa: farin rairayi, bishiyar kwakwa ta sunkuya, ruwa shuɗi shar. Hoto kuwa ba ya nuna ƙarfin ruwa, ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi, ba ya jiyar da kai kiɗan da ke tashi a bayan mai ɗaukar.

Shawarata ita ce a juya tsarin tambayar. Kafin otal, kafin kuɗin jirgi, kafin ma sunan ƙasa, a fara da wannan: ruwan wurin yaya halinsa yake, kuma mu da za mu je, me muka iya da ruwa?

Dalili shi ne ruwan da muka sani a nan kwantacce ne. Tiga, Challawa, Wasai, kududdufin unguwa, ko tafkin wanka na otal, duk ruwa ne da ke zaune inda ka same shi. Wanda ya iya iyo a cikinsu ya iya wani abu, amma bai gama sanin teku ba, kuma galibinmu ko wannan iyon ba mu iya ba. Gaɓar da ta taso daga Abijan ta bi ta Akra, Lome, Kwatano har Legas kusan a miƙe take, tana fuskantar kudancin Tekun Atlantika ba tsibiri ba dutse a gabanta. Guguwar da ke tashi can nesa a kudancin duniya ita ke turo igiyoyin ruwa, su yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, sai sun zo sun fashe a ƙafarka. Shi ya sa za ka ga rana tarwai, ko ganye ba ya motsi, amma teku yana ta rugugi. Kada lafawar iska ta ruɗe ka.

Akwai karatun da ake yi wa bakin teku, kuma ba ya buƙatar ka jiƙa ko yatsa. Fara da rairayin. In ka ga yana da kaushi, gaɓar kuma ta gangara sosai zuwa cikin ruwa, to igiya a wurin tana tashi tsaye ne ta faɗo gaba ɗaya a bakin gaɓa, kuma taku uku ko huɗu za ka yi ƙasa ta ɓace maka. Idan ruwan da ya hau tudu zai koma, yana kwashe yashin ƙarƙashin tafin ƙafarka, kamar ana janye maka tabarma kana tsaye a kanta. Yawancin gaɓar Lekki, Kwatano da Lome haka take. In kuwa rairayin mai laushi ne, a shimfiɗe, ka hango mutane can nesa ruwa bai wuce musu gwiwa ba, igiya tana farfashewa tun daga nesa ta iso a gajiye, wannan shi ne wurin yara da baƙi irinmu.

Sai abu na biyu, wanda ya fi cin mutane. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya haƙa wa kansa kwararo ya riƙa bi da gudu zuwa cikin teku. Mugun abin shi ne wannan kwararon ya fi ko'ina kama da wurin lafiya. Dama da hagu kumfa na tashi fari fat, shi kuwa ya yi duhu, ya kwanta luf, ba igiyar da ke fashewa a cikinsa. Baƙo yana zuwa sai ya ce yawwa, ga inda babu hayaniya, ya shiga. Ka tsaya a kan tudu minti goma ko sha biyar kana kallo. In ka ga wani layi da launinsa ya bambanta, ko leda da kumfa suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa, ka kauce masa, ka kuma nuna wa yara shi da hannu. Wanda tsautsayi ya sa ruwan ya ja shi, kada ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo ta inda ya shiga, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, wato ya bi tsawon gaɓa, domin kwararon ba shi da faɗi. Na kan tudu kuma kada ya faɗa da hannu biyu don ceto. Ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce da ba komai a cikinta an ɗaure murfinta, ya kira masunta ko masu ceto.

Da wannan karatun za ka gane cewa bakin teku iri-iri ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda kallo da shan iska da cin gasasshen kifi kawai ya dace da shi. Akwai mai kariya, inda wani dutse ko katanga ko murjani ya karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Akwai kuma inda tafki ya kwanta a bayan tudun rairayi, teku a gaba, ruwa mai sanyin hali a baya. Mai iyali daga Kano na biyu da na uku zai nema. Amma a kiyayi daidai bakin da kogi ko tafki ke shiga teku, nan ruwa biyu ke karo, kuma idan teku yana janyewa gudunsa ba na wasa ba ne.

Legas

Dattawan da suka yi aiki a Ikko lokacin tana babban birni za su ce maka ka je Bar Beach. Babu ita yanzu. Labarinta ma darasi ne kan yadda rairayi ke tafiya. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka jera katangun duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe mashiga. Yashin gaɓar nan kuwa daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangun suka tare shi a yamma, ɓangaren gabas ya rasa mai ciyar da shi, teku ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello. A ƙarshe aka cike wurin, aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a bayan wata doguwar katangar duwatsu. Haka ma bakin tekun Landmark, wanda hotunansa suka cika waya: a ƙarshen Afrilun 2024 aka fara rushe shi don hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba. Wanda ya dogara da tsohon bidiyo zai biya kuɗin mota ya je ya tarar da katafila.

Waɗancan katangun da suka kashe Bar Beach su ne suka haifi Tarkwa Bay, kuma a ganina ita ce wurin da ya fi dacewa da baƙon da ke son ya taɓa ruwa a Legas. Tana lungu tsakanin duwatsun, igiya tana isowa da sauƙi. Sai dai mota ba ta zuwa, jirgin ruwa ake shiga daga wajen Marina ko Falomo, tafiyar kamar minti ashirin. A nan Bakano ba ya buƙatar dogon wa'azi, domin ba mu manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Kada ka shiga jirgin da ba a ba kowa rigar ceto ba, ka ɗaure taka da ta yara tun kafin a tayar da inji, ka ƙirga kujeru ka ƙirga kawuna, kuma ka yi ciniki da ɗan fito kan lokacin dawowa tun rana na sama. Hukumar sufurin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta rigar, don haka ba roƙo kake yi ba. Da ka isa, ka tsaya cikin lungun. Bayan duwatsun akwai wata doguwar gaɓa da ake kira Lighthouse, kyakkyawa ƙwarai, amma buɗaɗɗen teku ne.

Elegushi da ire-irenta a Lekki sun fi sauƙin zuwa. Ana biya a ƙofa, a biya wurin ajiye mota, a biya rumfa, wani wurin har abincin da ka shigo da shi sai an caje ka. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi wuraren shagali ne: kiɗa kamar zai tsaga kunne, giya a fili, shiga irin wadda ba za ka so surukarka ta gani tana gefenka ba. Ba zagi ba ne, abin da aka gina su don shi ke nan. Mai son ya kai iyali can ya je ranar Talata ko Laraba da hantsi, zai samu wurin kamar nasa. Can gaba a Ibeju-Lekki akwai wuraren kwana masu nasu bakin teku, irin su La Campagne Tropicana, inda tafki da teku ke kusa da juna, yara su yi wasa a tafkin, manya su kalli tekun. Badagry kuwa don tarihi ake zuwa: ga benen da aka gina a 1845, ga tsibirin Gberefu inda ake bi da bayi zuwa jirage. Ruwanta na kallo ne.

Kuskure ɗaya da na ga ana yawan yi: a ce za a je Kalaba ko Fatakwal ganin teku. Garuruwan nan biyu a bakin kogi suke, tekun yana can gaba. Mai son rairayin teku na gaske a wannan shiyyar sai Ibeno a jihar Akwa Ibom, kusa da Eket, a sauka Uyo a ƙarasa a mota.

Ƙetare iyaka ta yamma

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Gana ba biza har kwana 90. Fasfo dai da katin rigakafin shawara, wanda ake yi a ofishin lafiya na filin jirgi, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar tafiya ake yin ta ba. Hanyar mota ita ce Seme, Kwatano, Hillacondji, Lome, Aflao, Akra. Shingaye suna da yawa tsakanin Badagry da Seme, a tafi da haƙuri da takardu cikakku.

Wannan hanyar tana da wani daɗi da babu shi a sauran wurare: ba za ka yi baƙunta ba. Fataken goro da dabbobi sun riga mu zuwa da daɗewa, kowane gari da zangonsa. A Kwatano da Lome, inda Faransanci zai iya ɗaure maka harshe, kana shiga zango ko wajen 'yan canji da mahauta za ka ji Hausa. A Akra ga Nima, Mamobi da Sabon Zango, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021, ga koko da ƙosai da safe, ga tsire da yamma. Hajiyar da ba ta yarda da abincin otal ba za ta ci ta ƙoshi.

Ruwan fa? Fidjrossè a Kwatano da Grand-Popo kusa da iyakar Togo wurare ne masu kyau da natsuwa, kwakwa jere, ga arha in an gwada da Lekki, amma tekunsu mai ja ne, mazauna wurin ma a bakin gaɓa suke tsayawa. A Grand-Popo abin yi shi ne yawon kwale-kwale a kogin Mono. Wanda zai bi ta Ouidah don ganin ƙofar tunawa da bayi ya san cewa wajen 10 ga Janairu ake bikin bodu, garin yana cika maƙil da masu tsafi da 'yan kallo, sai ya tsara ko ya kauce. Lome tana da abin mamaki, babban titin birnin a bakin rairayi yake har iyakar Gana, da yamma duk gari yana fitowa shan iska, amma gaɓar a tsaye take. A Akra, Labadi ita ce sananniya, da dawakan haya da makaɗa da cunkoson Lahadi, kuma bayan ruwan sama kwatocin birni suna zubo leda a teku, igiya ta dawo da ita bakin gaɓa. In da hali a wuce yamma. Bojo tana wajen gari kaɗan, ana tsallaka tafki a kwale-kwale kafin a isa. Can gaba ga Cape Coast da Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye har yau, sannan bayan Takoradi ga Busua, wadda take cikin lungu, gaɓarta a shimfiɗe, tana cikin wuraren da aka fi yabo da sauƙin ruwa a Gana. Masunta da yawa a gaɓar Gana ba sa fita ranar Talata, al'adarsu ce, mai kwaɗayin ɗanyen kifi ya lura.

Wane wata?

A nan lissafinmu da na teku suke saɓawa. Dogon hutun makaranta yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da maigida ya fi samun damar kwasar yara. Shi ne kuma lokacin da kudancin duniya ke cikin hunturunsa, guguwa ta yi yawa, igiyar da ke iso wa gaɓar Legas zuwa Gana ta fi ƙarfi a duk shekara. Sama a lumshe, ruwan Gana ma har sanyi yake yi a Agusta saboda na ƙasa yana tasowa sama. Damina a Legas tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Tekun ya fi lafawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Amma Disamba a Legas da Akra watan 'yan ƙasashen waje ne masu dawowa gida biki, kuɗin ɗaki da na jirgi suna ninkawa, hanyar Lekki ta cushe. In da zaɓi a hannunka, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi, ko Nuwamba. Ka bar rarar kwana ɗaya a lissafi, domin hazon hunturu yakan hana jirgi tashi ko sauka a Kano.

Wanda kuma zafin Afrilu ya kora, yana tunanin teku zai ba shi sanyi, ya sake shawara. Ma'aunin zafi a Legas ba ya kai na Kano, gaskiya ne, amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, dare ba ya sanyi. Mai neman sanyi Jos zai nufa ko Mambila.

To ina za a je a dogon hutu? A nan Zanzibar, tsibirin Tanzaniya, ta shigo. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne a can, iska mai daɗi, ruwan samansu mai yawa kuwa Maris zuwa Mayu ne. Murjani ya kewaye yawancin gaɓar, igiya tana fashewa can nesa. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla kake ji ko'ina, abinci ba sai ka yi tambaya ba, kanumfarin da muke saya a Kurmi ma ga bishiyarsa. Abin lura a can shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa yake kawowa ya koma, kimanin awa shida-shida, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti hamsin. A gaɓarmu ta yamma bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a Zanzibar yakan kai kusan mita 4. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ka yi doguwar tafiya a kan fili kafin ka same shi, ka tarar da mata suna aikin gonakin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa yake. Yara suna son wannan, amma a sa musu takalmin roba saboda ƙayar bushiyar teku, kuma a san lokacin dawowar ruwa, domin yana iya zagayowa ta baya ya yanke hanya. Mu da muke bin lissafin wata muna da sauƙi: cika da janyewa sun fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, sun fi sauƙi wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata. Mai son ya tarar da ruwa a kowane lokaci ya sauka Nungwi ko Kendwa a arewa, sai dai can ne Turawa suka fi yawa, da shigarsu da shagalinsu. Wahalar Zanzibar takarda ce da kuɗi. Ɗan Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, tun daga gida ake nema kuma tana ɗaukar makonni, sannan tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta dala 44. Daga Kano ta Addis Ababa ake bi.

Jidda kuwa ita ce tekun da Kanawa suka fi gani ba tare da sun ƙudurta ba. Bahar Maliya a kwance take, ba ta da irin igiyar Atlantika, bakin ruwan an gyara shi da wuraren zama da na wasan yara da masallatai, ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana harba ruwa sama da mita 300. Ga mai iyali da ke son natsuwa, babu giya babu tsiraici a wuraren jama'a, da wuya a samu kamarta. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana kawo ka daga Makka cikin ƙasa da awa ɗaya. Sharaɗi biyu ne: ba ko'ina aka yarda a shiga ruwa ba, sai inda aka keɓe aka sa alama, musamman wajen Obhur a arewa, sannan daga Yuni zuwa Satumba zafi da gumi ba sa barin kowa ya fito sai bayan magariba. Umarar Disamba zuwa Fabrairu ita ce ta haɗawa da teku.

Su wa za a tafi da su

Ango da amarya abin da suke nema daban, mai 'ya'ya biyar daban, wanda zai kai Baba da Inna daban. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya son tafiya a rairayi mai zurfi ko tsalle cikin kwale-kwale, a nema masa inda mota ke kaiwa bakin rumfa. Mai yara ya raba aiki tun a ɗaki: babba ɗaya ga ƙananan yara biyu, kuma wanda ke tsaro ba ya riƙe waya. Iyakar wanda bai iya iyo ba gwiwa ce, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, domin igiyoyi ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo.

Maganar tufafi ta fi shafar mata, kuma magana ce ta rai, ba ta ado ba. Dogon hijabi, abaya ko zanen atamfa in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiya ta samu abin ja. Hajiya, in za ki taɓa ruwa, ki sa dogon wando da riga mai dogon hannu na yadi mara shan ruwa, da ƙaramin hijabi da ba ya wuce ƙirji, ki bar babban a hannun wadda ke kan tudu ki yafa in kin fito. Malam ma ya cire kaftani. Rana a bakin teku tana ƙona baƙar fata ita ma, a shafa wa yara man kariya, a nemi inuwa daga sha ɗaya zuwa la'asar.

Salla ba ta da wuya. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a cikinsa halal ne, har jatan lande da ƙaguwa, in ciki ya karɓa. Tafiyar ta zarce mil 48 nesa ba kusa ba, don haka ƙasaru ta halatta, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Alƙibla ce ke rikita mutane, saboda jiki ya saba da fuskantar gabas. A Legas da Akra sai an ƙara karkata arewa fiye da yadda muke yi a Kano, a Zanzibar kuwa kusan arewa sak ake kallo. Kafin ka biya kuɗin shiga kowane wuri ka tambayi abu uku: ina banɗaki, akwai ruwan daɗi na ɗauraye jiki, ina ake salla. Amsar da mai ƙofa ya bayar za ta nuna maka irin baƙin da suka saba karɓa.

Sauran aikin a waya ake gama shi tun kana Kano. Buɗe taswirar Google ta tauraron ɗan'adam ka duba wurin daga sama: miƙaƙƙiyar gaɓa mai faffaɗan layin kumfa buɗaɗɗen teku ce, lungu mai lanƙwasa ko inda ka ga jiragen masunta a ajiye cikin ruwa ya fi sauƙi. Ka nemi ɗan'uwa a Agege, Idi-Araba ko Nima, ko shi mai otal ɗin, ya turo maka bidiyon wurin na wannan makon ta WhatsApp, da sautinsa, kada a ɗora masa waƙa. Ka tambaya ko akwai masu ceto a bakin aiki da tutoci. Ja tana nufin kada a shiga, tsakanin tutoci masu ja da rawaya kuma nan ne ake sa ido. Ka tambayi nisan asibiti mafi kusa, musamman in wurin sai da jirgin ruwa ake zuwa. Gidan sauro da maganin zazzaɓi su shiga jaka, gaɓar teku ba ta rabuwa da sauro. Kuɗin Benin da Togo sefa ne, na Gana sidi, a canza kaɗan a Wapa don hanya, sauran a can. Kuma in otal ɗin ba sananne ba ne, kwana ɗaya za ka biya tukuna. Ka isa, ka zaga da ƙafarka, ka ga ruwan da safe ka gan shi da yamma, in ya yi maka sannan ka biya sauran kwanakin.